Ƙafar Ijal Tana Jiran Kawu

Ujung Pandang, 14 ga Mayu, 1991

Zuwa ga Desmawati, 'yar ƙanwata,

Assalamu alaikum. Ina lafiya, in ban da bayan nan da ba ya barina in yi ruku'u yadda ya kamata. Ina fata uwarki Rosmaniar tana lafiya, da duk mai kwana a babban gida, har da waɗanda ba su san ina raye ba.

Wasiƙarki ta same ni a rumfata ina ɗaure wa wani ɗan sanda ƙafar tabarau. Sai da na sake duba sunan da ke bayan ambulan, don na ɗauka ta maƙwabcina ce. Sama da shekara talatin ke nan tun da yaƙi ya rufe makarantar likita ina aji uku, dangi suka zauna a kan tabarma suka ga cewa shinkafar gonakinmu ta fi dacewa da bikin naɗin sarautar ɗan'uwanmu a kan mayar da ni karatu. Tun daga ranar ba wanda ya nemi bakina a kan komai. An sake rufin babban gida, daga bakin wani matuƙin jirgi na ji. An aurar da ke, mai sayar da yadi ne ya yi mini barka. Yau kuma an tuna Rosmaniar tana da wa, 'ya'yanta suna da mamak, wato kawu, kuma a wurinmu ba a taɓa jikin yaro sai wan uwarsa ya ce a taɓa. Madalla.

Kin rubuta cewa ƙanenki Yusrizal ya ɗan zame a tseren bijimai, ƙafarsa ta ɗan samu matsala, yana hutawa a asibiti a Padang, kuma likitoci suna ta maganganu iri-iri, har da na wuƙa. Mutumin da zai taka katako biyu a cikin taɓon gonar shinkafa, ya riƙe jelar bijimai biyu, yana cizonsu don su ƙara gudu, ban san me yake jira ba in ba zamewa ba. Amma tunda an tambaye ni, ga maganata. Ƙashin saurayi yana haɗewa ko an so ko ba a so. Likitocin yanzu sun fi son wuƙa da haƙuri. Kada a bari kowa ya yanke masa komai. A ɗaure ƙafar, a ba shi romon ƙashi, ya kwanta ya yi tunanin wata sana'a.

Ki gaida uwarki. Ki ce mata adireshina bai canja ba tun kafin a haife ki.

Kawunki,
Marjohan


Padang, 27 ga Mayu, 1991

Mak Dang,

Assalamu alaikum. Babban kawu, ni ne Yusrizal, Ijal a gida, wanda ba ka taɓa gani ba sai a hoto yana rarrafe. Mandeh, uwarmu, tana lafiya, tana kwana a tabarma ƙarƙashin gadona, tana faɗa da nas-nas a kan gishirin miya. Yayata Desmawati, Uni Des, ita ma lafiya. Ni kuma daga gwiwa zuwa sama ban taɓa jin ƙarfi irin na yanzu ba.

Ka yafe wa Uni Des. Ta rubuta maka ne yadda ake wa manya magana, a karkace, don kada hankalinka ya tashi. Ni da ke kwance ba abin yi, bari in miƙe maganar. Ƙafata ta dama ta faɗa tsakanin katako da kunyar gona, bijiman kuma ba su tsaya jirana ba. Ƙashin ƙwauri ya fito waje, ya sha taɓo, wani gutsure kamar tsawon yatsa ya yi zamansa a gonar Pak Bustami. Abin haushin, bijiman sun ƙarasa tseren a miƙe sambal ba ni, har mai su yana cewa ba su taɓa gudu mai kyau irin wannan ba.

An wanke ciwon a ɗakin tiyata har sau uku. Yanzu an soka mini ƙarafa ta cikin ƙashin kamar tsinken tsire, an haɗa su da sanda a waje. Likitana Dokta Hutagalung ne, ɗan ƙabilar Batak, ka san su ba sa zagaye. Ya ce jijiyoyin jini uku ne ke sauka zuwa sawu, ɗaya ce ta rage mini. Ya soka allura a tafin ƙafata yana tambaya ko na ji, na ce na dai gani. Ya ce hanya biyu ce. Ko a yanke ƙasan gwiwa yanzu, in samu ƙafar roba, kafin girbi mai zuwa ina tafiya kasuwa da kaina. Ko a yi ta aiki, a juyo tsokar sha-raɓa a rufe ramin, a ɗebo fata daga cinya, daga baya a ɗebo ƙashi daga ƙugu, shekara biyu ko fiye, kuma ba ya rantsuwa za ta tsaya. Ya ce in ɗansa ne, ta farko zai bi.

Ana cikin haka wasiƙarka ta iso. Mandeh ta sa Uni Des ta karanta wa Dokta a tsaye, har wurin da ka ce likitocin yanzu sun fi son wuƙa. Ya tambaya wane ne wannan. Mandeh ta ɗaga kai ta ce wanta ne, shi ma likita ne, yaƙi ne kawai ya hana shi takarda. Ban taɓa ganinta da alfahari haka ba. Dokta ya juyo gare ni ya ce ai ni ba yaro ba ne, in sa hannu da kaina.

Na ce, "Dokta, in na sa hannu, a wane gida zan kwana?"

Ya yi tsaki ya fita, jibi kuma za a juyo tsokar.

Ni dai na ji daɗin hukuncinka, Mak Dang. Ba a hawa katako da ƙafar roba. A gadon da ke hannun damana akwai Pak Tasman, direban babbar mota, ya shekara da wani abu da ƙarafansa, har yana rataye tawul a kansu. Ya ce in saba, nan gaba zan riƙa shanya wando.

Ɗan ƙanwarka,
Ijal


Ujung Pandang, 9 ga Yuni, 1991

Yusrizal,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya. Ina fata kana cin abinci, kuma uwarka ta bar nas-nas su yi aikinsu.

Na karanta wasiƙarka a tsaye, na rufe rumfa, na sake karantawa a zaune. Wannan ce ake ce wa ɗan zamewa? An ce mini ƙafa ta ɗan samu matsala, na ba da maganin ƙafar da ta ɗan samu matsala. Halinmu ke nan tun kakanni. Gida na cin wuta, sai a aiko maka cewa an ɗan ji ɗumi.

Ka saurare ni, don wannan kaɗan na sani. Karayar da ƙashi bai fito ba daban, wadda ya fito ya kwanta a taɓon da shanu ke kashi a ciki daban. Malaminmu na tiyata, wani tsoho, ya kan ce kada mu ƙaunaci ƙafa fiye da mai ita. Akwai ƙafar da ake cetowa ta yi wa mai ita aiki, akwai wadda ake cetowa mai ita ya koma yi mata bauta har ya tsufa. Abu mai daraja a jikinka yanzu gwiwa ce. Mai gwiwarsa yana hawa tsanin babban gida, yana tuƙa babur, yana durƙusawa a salla, in ya sa dogon wando ba mai sani. Wanda aka yanke a cinya kuwa jan ƙafar yake yi da ƙugu, ya gaji kafin ya kai bakin titi. Likitanka ba shi da ladabi, amma ban ga ƙarya a maganarsa ba.

Ka rubuto mini waɗannan, kuma a miƙe. Yatsun suna da ɗumi ko sanyi? Wane launi ne ruwan da ke jiƙa bandejin? Yana wari? Zazzaɓi yana zuwa maka da yamma?

Ba ni da ƙafar a gabana, kuma ba ni zan taka ta ba. Na janye maganata ta farko. Shawara taka ce. Kai da uwarka ku yi abin da kuka ga ya dace, kamar yadda kuka saba yi ba tare da ni ba.

Kawunka,
Marjohan


Padang, 26 ga Yuni, 1991

Mak Dang,

Assalamu alaikum, barka da babbar salla. Kowa lafiya. Tare da wannan wasiƙa akwai gwangwani, rendang ne, dahuwar naman layya da kwakwa. Mandeh ta tsaya a kan wuta da kanta har ya yi baƙi yadda ta ce kana so kana yaro. Ta ce in ka ci, ka huce.

Ka ga abin da layinka na ƙarshe ya jawo. Uni Des tana kaiwa wurin "kamar yadda kuka saba," Mandeh ta rufe fuska da mayafi ta ce shi ke nan, wanta ya yi fushi, ya zare hannunsa daga kanmu. Na ce mata ni ban ji fushi ba, na ji mutum yana cewa a bi likita. Ta ce ni yaro ne, ban san yadda manya ke magana ba. Mamak ba ya ce wa ɗan ƙanwarsa shawara taka ce sai in ransa ya ɓaci. Ta koma ƙauye, dattawan dangi suka zauna, aka sha shayi, aka yi ta juya wasiƙunka biyu. Suka ce ta farko hukunci ce, ta biyu ɓacin rai ce, kuma ba a yanke ƙafar mutum a kan ɓacin rai. Saboda haka ta farko tana nan daram.

An juyo tsokar, an ɗebo fatar. Cinyar da aka ɗebo ta fi ƙafar zafi, Pak Tasman ya ce haka ake yi, a fasa ɗaki a gyara zaure. Ga amsoshinka. Yatsun ba sanyi sosai, ba ɗumi sosai. Ruwan ya kan yi ɗorawa, wani lokaci kore-kore. Zancen wari kuwa, ni ban ji ba, amma Pak Tasman ya roƙi a matsar da gadonsa bakin taga, ya ce ya taɓa ɗauko lodin 'ya'yan itacen durian masu wari mota ta lalace masa a hanya, kuma ya fi son wancan. Da yamma na kan ɗan ji sanyi, Mandeh ta lulluɓe ni da zanenta, in yi ta rawar ɗari ana dariya.

Akwai wani Zulfahmi, mai tura kurar ƙanƙara, an kawo shi bayana da irin ciwona. Shi ɗan Jawa ne ta wajen uwa, ba shi da mamak, matarsa ce ta sa hannu a ranar, aka yanke. An sallame shi makon jiya. Ya zo sallama a kan sanduna, yana tsalle kamar zakara, ya ce zai aiko mana da ƙanƙara. Na bi shi da ido har ya sha kwana. Ba wani abu nake nufi ba, labari ne kawai.

Ɗan ƙanwarka,
Ijal


Ujung Pandang, 8 ga Yuli, 1991

Yusrizal,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya. Rendang ya iso, na ci, gishirinsa ya yi daidai, kada ka gaya mata na faɗa.

Ni ma ɗan gidan ne, na iya karanta karkatacciyar magana. Na gane labarin mai ƙanƙara. Na kuma gane koren ruwa, da wari, da sanyin yamma. Ciwon ya kama ƙashi, kuma ba ya zama wuri ɗaya, hawa yake yi.

A karanta wa Rosmaniar wannan da ƙarfi, a karanta wa dattawan da suka iya gane fushina daga nesa amma ba su iya gane wari daga kusa ba. Ni Marjohan, wan Rosmaniar, mamak ɗin Yusrizal, cikin hankalina, ba fushi, cikina cike da naman da ta dafa, na ce a yanke ƙafar ƙasan gwiwa. A yi shi ranar da wannan takarda ta iso. Wannan ce maganata, ta shafe duk wadda ta gabace ta.

Kai kuma kada ka ji tsoro. Ba za ka sake hawa katako ba, wannan gaskiya ne, kuma bijimai ba za su yi makoki ba. Amma mai idon da ya san bijimin da zai yi gudu a miƙe ba ya rasa abin yi a ƙasarmu.

Na bar wa maƙwabcina rumfa. Zan hau jirgin ruwa na gaba zuwa Jakarta, daga can in nemi na Padang. Ina so in ga fuskar likitan da aka karanta wa zagina a tsaye.

Kawunka,
Marjohan


Padang, 18 ga Yuli, 1991

Mak Dang,

Assalamu alaikum. Ban san ko wannan za ta same ka ba, wataƙila kana kan ruwa. Uni Des ce ke rubutawa, ni ina faɗa, don zazzaɓi ya ɗan kwantar da ni. In ka ga magana ta karkace, ita ce.

Wasiƙarka ta iso shekaranjiya. An karanta da ƙarfi yadda ka ce. Mandeh ta saurara tana kuka a hankali, har aka zo wurin jirgi. Nan ta miƙe tsaye. Ta sa aka maimaita. Mak Dang zai zo gida! Ta aika a share babban gida, a wanke tabarmi, a fito da farantin tagulla na ganyen sirih da ake tarbar manya da shi. Dattawa suka ce tunda mai maganar yana tafe da ƙafarsa, rashin kunya ne a aikata da takarda. Abin da aka ƙulla a zaune, a zaune ake kwance shi, da mutum a gabanka. Kwana nawa ne, in ji su.

Dokta Hutagalung ya yi faɗan da aka ji har ɗakin haihuwa. Ya ce da Mandeh jan ciwon ya wuce layin da ya zana jiya. Ta ce masa wanta yana hanya, shi ma likita ne, sai su yi magana likita da likita. Ya sake kawo mini takardar. Na riƙe biron, Mak Dang. Na dubi Mandeh tana goge farantin nan da toka a bakin gado, tana murmushi ita kaɗai. Na mayar masa.

Pak Tasman yana gaishe ka. Ya ce in ka zo ka duba masa tabarau, yana ganin nas ɗaya ta zama biyu, kuma ba ya so a gyara sosai.

Ni dai na gaji da ƙafar nan. Ka yi sauri.

Ijal


Ujung Pandang, 2 ga Satumba, 1991

Yusrizal,

Assalamu alaikum. Na iso lafiya, bayana ya sha katakon jirgi amma yana nan. Maƙwabcina ya sayar wa rabin kasuwa tabaran da ba nasu ba, yanzu ina bi ina karɓowa. Ina fata kana motsa kututturen yadda aka nuna maka, kana kuma kwanciya rubda ciki kullum don kada ƙugu ya ƙage. Kada ka saurari uwarka in ta ce ka huta.

Na tarar da wasiƙarka ta ƙarshe a ƙarƙashin ƙofa. Ranar da kuka rubuta ta ina zaune a tashar jirgi a Jakarta, an ce na Padang yana gyaran inji, a dawo mako mai zuwa. Na hau bas, ruwa ya cinye hanya a tsakiyar daji, muka kwana biyu muna cin ayaba.

Kana cikin zazzaɓi lokacin da na iso, ba ka san abin da aka yi a ƙofar ɗakinku ba, bari in ba ka labari, don na san Desmawati za ta ce an ɗan zauna. An shimfiɗa tabarmi a barandar asibiti, masu tura gadon marasa lafiya suna ratsa mu. Rosmaniar ta fito da farantin. Ta tsufa, Ijal, ba wanda ya rubuto mini wannan. Ta durƙusa ta miƙo mini sirih, na tauna, ya ƙone mini baki don na manta yadda ake shafa masa farar ƙasa. Sannan ɗan'uwanmu mai sarauta, wanda aka ci karatuna a bikinsa, ya buɗe jawabi. Ya fara daga dutsen da kakanni suka sauko. Wani ya amsa masa. Ya sake amsawa. Ina kallon ƙofar ɗakinka. Da ya kai wurin yabon jirgin da ya kawo ni, na katse shi, abin da ba a taɓa yi ba.

Na ce, "A yanke. Ina likitan?"

Ba wanda ya ji haushi. Rosmaniar ta ce alhamdulillahi, kamar na kawo mata labarin haihuwa.

Hutagalung ya fi yadda na zata ƙuruciya. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai ne likitan?" Na ce ni mai tabarau ne. Ya ce to in sa su in zo in gani. Ya ɗaga zanen. Muka duba tare. Ya ciro biro ya nuna mini layin da ya zana a watan Mayu, ya kusa gogewa, da na Yuli, sannan ya ja sabo. Bayan aikin mun sha kofi tare a rumfar bakin asibiti. Ya ce a garinsu ma ana jiran kawu, sai dai kawun ya kan iso da ihu, a gama a ranar.

Jana'izar ƙafar ta yi kyau, ka yi rashin gani. An naɗe ta a farin yadi, an kai ta maƙabartar dangi. Dattawa sun yi gardama a kan ko a bar mata fili a gefe don sauranka, har sai da na ce sauran bai nuna alamar gaggawa ba. Pak Bustami ya zo ya ce in an ga gutsuren nan lokacin huɗa zai kawo a haɗa. Ya kuma ce in ka warke yana so ka riƙa zaɓar masa 'yan maruƙa, don tun da ka kwanta bai sayi na kirki ba. Ka karɓa. A zaune ake duba maraƙi.

Uwarka ta nuna mini ɗakin da ta ce nawa ne in na gaji da baƙunta. Na ce zan duba. Ki ji, Desmawati, tunda ke za ki karanta: zan duba na ce, ba fushi ba ne, ba kuma alkawari ba ne, kada a tara dattawa.

Na yi magana da wani mai haɗa ƙafafun roba a garin Solo, ta hannun wani da nake yi wa tabarau. Ya ce a auna cinyar in kumburi ya sauka, a aika masa. Ƙafar za ta zo da maɗauri a ƙugu da gwiwar ƙarfe mai kullewa. Za ka yi tafiya da ita, a hankali, da sanda a farko. Tsanin babban gida zai ba ka wuya, na ce a kafa maka abin riƙewa. Salla a kujera za ka yi.

Ka tambaye ni a asibiti, kana tsakanin barci da farke, ko da ma can ƙafar ba mai tsayawa ba ce. Na ce ka yi barci. Ga amsar a miƙe. Ƙafar ta tafi tun a gonar Bustami, ba mai iya dawo da ita, ko Hutagalung, ko tsohon malamina. Gwiwar kuwa lafiyarta lau a watan Mayu, lafiyarta lau a watan Yuni, kuma likita ya ce har ranar da takardata ta iso ana iya barinta. An yanke tafin hannu ɗaya sama da ita.

Kawunka,
Marjohan